Idan Motoci Sun Yi Karo a Jere: Laifin Wa, Kuma Wa Zai Biya?

Da rani ya kama, hazo da ƙura suna rufe hanya har direba ya kasa hango motar da ke gabansa. Duk da haka zirga-zirga ba ta tsayawa. Motocin fasinja na zuwa Mokolo da Marwa, babura na kai mutane Zamai, manyan motoci na shigo da kaya, ga kuma kwambar motoci da ke tafiya a jere, wata na bin wata. A irin wannan yanayi ne ake samun haɗarin da na gaba zai taka birki, na biye da shi ya doke shi ta baya, na uku kuma ya zo ya doki na biyun.

Da zarar haka ta faru sai gardama ta kaure, kowane direba yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Wanda ya ji rauni kuwa, ko iyalin wanda ya rasu, su koma gida ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Wannan bayani domin su ne.

Tambayoyi biyu ne, kada a haɗa su

Tambaya ta farko: wane direba ne ya yi kuskure? Ta biyu: wa zai biya wanda ya cutu? Mutane da yawa suna zaton sai an gama amsa ta farko kafin a taɓa ta biyu. A dokar ƙasar nan ba haka ba ne. Rabon laifi magana ce tsakanin direbobi da kamfanoninsu na inshora. Fasinja da mai tafiya a ƙasa suna da haƙƙin diyya tun kafin a san wanda ya fi laifi. Abin da ke sa haƙƙin nan ya salwanta, yawanci, rashin takarda ne.

Wace doka ce ke aiki a nan?

Kamaru na cikin ƙasashe 14 da suke bin dokar inshora guda ɗaya, wadda ake kira Dokar CIMA. An sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde a shekarar 1992, dokar kuma ta fara aiki a 1995. Nijar da Chadi su ma suna ciki, amma Nijeriya ba ta ciki. Saboda haka abin da kuka saba gani a gida ba lalle ne ya zo daidai da na nan ba.

Sashe na 200 na dokar ya wajabta wa duk mai abin hawa da ke da inji ya yi masa inshorar da za ta biya mutanen da ya cutar. Mota ce, babur ne, ko mai ƙafa uku, duk hukuncinsu ɗaya. Inshora ita ce abin da za ku ji ana kira assurance a ofisoshi.

Dokar ba ta ce sai ɗan ƙasa ba. Ɗan gudun hijira da mota ta buge yana da haƙƙi daidai da na ɗan Kamaru. Sashe na 16 na Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951, da dokar Kamaru ta 27 ga Yuli 2005 kan matsayin 'yan gudun hijira, sun ba ku damar kai ƙara kotu kamar kowa.

Me ya sa ake fara tuhumar na baya?

Dokar hanya ta ɗora wa kowane direba nauyin barin tazara tsakaninsa da na gabansa, wadda za ta ishe shi ya tsaya ko da na gaban ya tsaya ba zato. Na gaba ba ya iya hana a bi shi kurkusa. Na baya ne ke da zaɓin ya matso ko ya ja baya.

Ga lissafin. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da direba ya ga danjar na gaba ta kama zuwa lokacin da ƙafarsa ta hau birki, akan yi kamar daƙiƙa ɗaya. Ke nan motar ta ci mita 17 birki bai ma fara aiki ba. In gudun ya kai kilomita 90, mita 25 ke nan. Bayan haka sai tazarar da birkin kansa ke buƙata, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, wannan tazarar ninkawa take yi sau huɗu. Babbar mota mai lodi, taya da ta suɗe, da hanyar yashi ko tsakuwa, duk suna ƙara mata tsawo.

Shi ya sa jadawalin rabon laifi da ke ƙarshen wannan ɓangare na Dokar CIMA ya yanke cewa, idan motoci biyu na tafiya a layi ɗaya, ta baya ta doki ta gaba a bayanta, laifin duka na ta baya ne. Cewa "shi ne ya taka birki da ƙarfi" ba ya wanke mutum, domin wanda yaro ko saniya ta gitta masa dole ya taka birki.

Motoci uku, labari uku

Inda abin ke rikicewa shi ne idan motocin sun wuce biyu. Mu ɗauki misali: motar fasinja a gaba, a-kori-kura a tsakiya, babbar mota a ƙarshe. Ɓarnar da ido zai gani iri ɗaya ce. Bayan ta gaba ya lotse, ta tsakiya ta lalace gaba da baya, gaban babbar motar ya fashe. Amma labarin zai iya zama ɗaya daga cikin uku.

Labari na farko. Motar fasinja ta tsaya a shingen jami'an tsaro. A-kori-kura ta tsaya a bayanta lafiya lau, ba ta taɓa ta ba. Sai babbar mota ta zo da gudu ta doki a-kori-kura, ta tura ta kan motar fasinja. A nan direban tsakiya bai yi kuskure ba, tura shi aka yi. Nauyin ɓarnar motocin biyu yana kan babbar mota.

Labari na biyu. A-kori-kura ce ta fara dukan motar fasinja saboda ta matse ta da yawa. Bayan nan babbar mota ta zo ta doke ta. Wannan haɗari biyu ne a wuri ɗaya. Direban tsakiya ne ke da alhakin bayan motar fasinja, kuma gyaran gaban tasa motar yana wuyansa. Direban babbar mota ke da alhakin bayan a-kori-kura. Idan dukan na biyu ya sake tura a-kori-kura kan motar fasinja, ya ƙara ɓarna ko rauni, to su biyun za su raba nauyin abin da ya samu ta gaba.

Labari na uku. Ƙura ta turnuƙe, komai ya faru a ƙiftawar ido, babu wanda zai iya tabbatar da abin da ya fara faruwa. Sashe na 227 ya yi tanadin wannan: idan ba a iya gano masu laifi ba, kowane direba rabin diyyar abin da ya same shi kawai zai karɓa daga sauran.

To yaya ake bambance na farko da na biyu? Da shaidar mutanen da ke cikin motar gaba. Idan duka ɗaya suka ji, alama ce ta cewa turo ta tsakiya aka yi. Idan biyu suka ji, ɗaya bayan ɗaya, alama ce ta cewa ta tsakiya ta riga ta doke su kafin ta ƙarshe ta iso. Ana kuma duba sawun taya a kan hanya, da inda fasassun gilashi suka zube, da girman lotsewar gaba da ta baya. Don haka idan kuna cikin motar, abin da jikinku ya ji shaida ce mai nauyi. Ku faɗe shi yadda ya faru, kada ku ƙara, kada ku rage don taimakon wani.

Yaushe na gaba ke da laifi?

Ba kullum na baya ke ɗaukar komai ba. Na gaba yana iya ɗaukar laifin duka ko wani kaso:

- idan baya-baya yake yi, ko ya juya kan mota a tsakiyar hanya, ko motarsa ta gangaro da baya a hawan tudu;
- idan ya bar layinsa ya faɗa gaban wani ba tare da tazara ba;
- idan ya fito daga inda ya ajiye mota ya hau titi bai duba ba;
- idan ya ajiye mota a inda doka ta hana, musamman a wajen gari, a kwana, ko da dare babu fitila babu alama.

Wannan na ƙarshe ya shafi motar da ta lalace aka bar ta a kan titi. Zuba ganye da duwatsu a hanya al'ada ce da kowa ya sani, amma abin da doka ta sani shi ne alamar nan mai kusurwa uku da ke ƙyalli, a ajiye ta da nisa yadda mai zuwa zai gan ta da wuri. Motar da danjarta ba ta kamawa ita ma matsala ce. Wanda ya lura da haka ya gaya wa jami'ai a rubuta tun a wurin, domin bayan an ja motar an kai ta gareji, da wuya a iya tabbatar da shi.

Fasinja da mai tafiya a ƙasa: ba sai kun jira ba

Wannan shi ne sashen da muke so kowane gida ya riƙe. Sashe na 228 ya ce duk wanda ba direban abin hawa mai inji ba ne, ana biyan shi diyyar raunin jikinsa ba tare da an kafa masa hujja da kuskurensa ba, sai fa in da gangan ya nemi cutar da kansa. Wannan ya haɗa da fasinjan mota, wanda aka goya a babur, mai tafiya a ƙasa, mai keke, da mai amalanke.

Sashe na 226 kuma ya hana direba ko mai mota ya guje wa biyan wanda ya cutu da cewa abu ne da ya fi ƙarfinsa, ko laifin wani ne daban. "Hazo ne," "akuya ce ta gitta," "na baya ne ya turo ni," duk ba su hana a biya ku ba.

Wane kamfani za ku nufa idan motocin suna da yawa? Sashe na 268 ya fayyace:

- Fasinja: kamfanin inshorar motar da yake ciki, ko da direbanta ba shi da laifin komai.
- Mai tafiya a ƙasa: kamfanin motar da ta buge shi.
- Idan ba a san wadda ta buge shi ba a cikinsu: kamfanin motar da lambarta ta fi ƙanƙanta.

Kamfanin da ya biya ku shi zai koma ya nemi kuɗinsa wurin sauran gwargwadon laifin kowane direba. Wannan lissafin nasu ne, ba naku ba.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan ruɗar mutane da su. Na farko, matar direba, 'ya'yansa da iyayensa da ke cikin motar ana ɗaukar su kamar kowane fasinja, suna da haƙƙin diyya. Na biyu, idan aka gano direban ba shi da lasin, ko ya yi lodin mutane fiye da ƙima, kamfani ba zai fake da wannan ya hana ku ba. Sashe na 210 ya ce ya biya wanda ya cutu tukuna, sa'an nan ya bi mai laifin ya karɓi kuɗinsa.

Direba da ɗan acaɓa

Ga wanda ke riƙe da sitiyari ko kan babur, maganar daban ce. Kuskurensa yana rage diyyarsa ko ya soke ta gaba ɗaya. Ɗan acaɓan da ya doki bayan mota ya karye, in laifin duka nasa ne, ba zai samu komai daga kamfanin motar ba. Inshorar dole da ya yi wa babur ɗinsa ita ma ba ta biyan raunin direba, wasu take biya. Amma fasinjan da ya goya za a biya shi. Ɗan acaɓan da aka doka ta baya yana tafiyarsa daidai kuwa, ya cancanci cikakkiyar diyyar jikinsa da ta babur ɗinsa.

Tsakanin direbobi, idan motocin sun wuce biyu, kamfanin motar da lambarta ta fi ƙanƙanta ne ke riƙe fayil ya gabatar da tayi. Wannan tsari ne kawai don kada a rasa mai jagorantar aikin. Ba ya nufin direban wannan motar shi ne mai laifi.

Ban da diyya akwai hukunci. Sashe na 289 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya jawo mutuwa ko rauni ta hanyar sakaci. Sashe na 290 ya ninka hukuncin ga direban da ke cikin maye, ko ba shi da lasin, ko ya gudu don kauce wa alhaki. Inshora tana biyan diyya, amma ba ta zuwa gidan yari a madadin kowa. Direban da ya ji tsoron fushin jama'a ya wuce kai tsaye ofishin jandarma ko 'yan sanda mafi kusa ya miƙa kansa.

Masu abin hawa mai lambar Nijeriya su lura: takardar inshorar gida, da katin nan mai ruwan ƙasa na ƙasashen ECOWAS, ba sa aiki a Kamaru, domin Kamaru ba ta cikin ƙungiyar. Sai an yi inshorar da ƙasar nan ta amince da ita.

Kayan da suka lalace fa?

Buhun hatsi, kayan sana'a ko dabbobin da ke cikin motar da kuka hau ba sa cikin abin da inshorar dole ta wannan motar ke biya. Idan wata mota ce ta doke ku kuma laifinta ne, kamfaninta ne za a nema. Idan laifin direbanku ne, shi da mai motar za ku bi. Ko ta wace hanya, ku tabbatar an rubuta kayan a rahoton jami'ai, ku ɗauki hotonsu, ku adana rasit in akwai.

Idan motar ba ta da inshora, ko direban ya gudu

Rashin inshora ba ya sauke nauyi. Direba da mai motar su ne za su biya daga aljihunsu, kuma ana iya tilasta musu ta kotu. A haɗarin motoci da yawa, sauran motocin da abin ya rutsa da su suna iya kasancewa da inshora, don haka hanya ba ta toshe ba. Dalili ke nan da ya sa muke cewa ku ɗauki lambar kowace mota, har wadda kuke ganin ba ruwanta. Ko rabin lamba kuka kama, da launin motar, da rubutun jikinta, da tashar da ta taso, duk suna taimakawa wajen gano wanda ya gudu.

Abin yi a wurin haɗari

1. Ku fara da ceton rai. Ku fita daga motar ku koma gefen hanya, nesa da titi. Kada kowa ya tsaya tsakanin motoci biyu, domin wata na iya zuwa ta ƙara dukan na baya.
2. Wani ya koma baya da nisa ya riƙa tsayar da masu zuwa.
3. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a ja shi ko a naɗe shi, sai in akwai barazanar wuta. Dukan baya yakan fizge wuya, kuma ciwon kan bayyana bayan awoyi ko washegari.
4. Ku kira jami'ai: 113 jandarma, 117 'yan sanda. A wajen gari jandarmomi ne ke zuwa, a cikin gari 'yan sanda.
5. Kafin a motsa motocin, mai waya ya ɗauki hoton yadda suke a jere, da lambobinsu, da sawun taya.
6. Ku rubuta sunan kamfanin inshorar kowace mota. Yana jikin 'yar takardar da ake mannawa a gilashin gaba, ko a takardun direba.
7. Ku karɓi suna da lambar wayar shaidu biyu ko uku.
8. Ku tabbatar sunan duk wanda ya ji rauni ya shiga rahoton jami'ai, har jaririn da ke goye. A rubuta sunan yadda yake a katinku na 'yan gudun hijira, harafi da harafi.

Kada tsoron jami'ai ya sa ku sulale. Wanda sunansa bai shiga rahoto ba zai sha wahalar nuna cewa yana cikin motar. Idan ba ku jin Faransanci, ku nemi tafinta, kuma kada ku dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta muku ba.

Takardun da za su tsaya muku

Ta farko ita ce rahoton jami'ai, wanda ake kira procès-verbal, ko PV a taƙaice. Doka ta ce a aika wa kamfanonin inshora kwafinsa cikin wata 3 daga ranar haɗarin. Ku riƙe sunan ofishin da ya rubuta shi da kwanan watan.

Ta biyu ita ce takardar likita ta farko, wadda ke bayyana raunukan da kwanakin da ba za ku iya aiki ba. Ku je asibiti a ranar, ko da kuna ganin abin kaɗan ne, ku gaya wa likita haɗarin mota ne. Wanda ya wuce wurin mai ɗori kai tsaye bai bi ta asibiti ba, ba shi da abin nunawa. Ku adana rasit ɗin magani, na hoton ƙashi, da na kuɗin motar zuwa asibiti. Idan jinya ta ƙare, likita zai ba da wata takardar da ke nuna ko an warke sarai ko an samu nakasa.

Idan rasuwa aka yi, za a nemi takardar shaidar mutuwa, takardar likita da ke nuna sanadinta, hukuncin kotu da ke bayyana magada, da takardun aure da na haihuwar yara. Wanda ya baro nasa a gida lokacin gudu ya zo mu duba tare yadda takardun rajistarsa za su taimaka.

Diyyar ta ƙunshi kuɗin magani, asarar kwanakin aiki, nakasa ta dindindin, da raɗaɗin da aka sha. A rasuwa kuma akwai kuɗin jana'iza da kason mata ko miji, 'ya'ya, iyaye da 'yan'uwa. Rashin takardar albashi ba ya hana mutum samu. Manomi, mai talla ko matar gida, ana yi musu lissafi bisa mafi ƙarancin albashi na ƙasa.

Idan kamfani ya kawo tayi

Doka ta ɗora wa kamfanin inshora ya gabatar muku da tayi a rubuce cikin wa'adin da ta ƙayyade, kuma akwai tarar jinkiri in ya wuce. A wasiƙarsa ta farko dole ya sanar da ku cewa kuna iya neman mai ba ku shawara. Ku riƙe waɗannan:

- Kada ku sa hannu a ranar da aka kawo tayin. Ku kawo mana mu karanta tare.
- In kun riga kun sa hannu, kuna da kwana 15 da za ku iya janyewa a rubuce idan tayin ya saɓa wa dokar.
- Bayan kwana 15 ɗin, kamfani na da wata 1 ya biya.
- Diyyar yaro ba ta tabbata da sa hannun babba kawai, sai an bi matakin amincewa da doka ta tanada don kare kuɗin yaron.
- In ba a daidaita ba, ana zuwa kotu. Haƙƙin kai ƙara yana faɗuwa bayan shekara 5 daga ranar haɗarin.

Direba ko mai mota kuma ya sanar da kamfaninsa cikin wa'adin da ke takardarsa, galibi kwana 5 na aiki. Masu shirin komawa gida da ke da fayil a buɗe su sanar da mu kafin ranar tafiya, a bar lambar waya da wakili. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sulhun bakin hanya

Sau da yawa direba ko shugabannin tasha za su zo da ban haƙuri da ɗan abin sayen magani, su roƙi kada a kira hukuma. Yafiya halin kirki ne, kuma babu mai hana ku yafe wa direba. Amma ku sani cewa kuɗin diyya daga kamfani yake fitowa, wanda aka riga aka biya shi domin irin wannan rana. Idan kuka bar shi, ba direban kuka taimaka wa ba, kamfanin kuka bar wa. Ƙafar da aka ce targaɗe ne tana iya zama karaya bayan mako guda, lokacin kuɗin sun ƙare, motar kuma ta yi nisa. Idan an ba ku taimakon gaggawa ku karɓa, a rubuta cewa na magani ne, amma a bar jami'ai su yi rahotonsu.

Rigakafi ya fi magani

Direbobi, ga gwaji mai sauƙi. Ku zaɓi bishiya ko dutse a gefen hanya. Idan motar gaba ta wuce shi, ku ƙirga daƙiƙa 3 a natse. In kun iso kafin ku gama, kun matse da yawa. A cikin ƙura, hazo, ruwan sama ko dare, ku ninka. A kwamba kada ku ji tsoron a bar ku a baya har ku shige cikin ƙurar na gaba. Ku kunna fitila, ku duba danja da birki kafin ku tashi.

Fasinjoji, kuna da bakin magana. Wanda ya ga direba yana manne wa na gaba ya ce masa ya ja baya. Ku riƙa kallon lambar mota kafin ku hau, ku tafi da katinku duk inda za ku.

Duk wanda haɗari ya rutsa da shi ko wani nasa, ko da an daɗe, ya zo ofishin kariya na sansani da duk takardar da ke hannunsa, ko ya sanar da shugaban unguwarsa a haɗa shi da mu. Ba a biyan ko sisi don wannan taimako. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi. Allah ya kiyaye hanya.